Haƙoran Mota

Jiya na tsaya wurin dillalan mota a Sakkwato, sai Yayana, Allah ya jiƙan shi, ya faɗo mini a rai. Dillalin jakkai ne a kasuwar Isa, kuma har ya bar duniya bai yarda mota ta bambanta da jaki ba.

Shekarar da ƙafafun Innarmu sunka kumbura, munka zo sayen tsohuwar motar kai ta asibiti daga Gangara. Ya ce wa dillali, "Buɗa bakinta in ga haƙora." Anka ɗaga bonet. Ya shinshina baƙin mai, ya taya. Dillali ya ce, "Albarka." Yaya ya juya, ya raɗa mini, "Kada ka waiga, ɗan bokon aji uku." Ina jin carbinsa na ƙaras-ƙaras. Taki bakwai munka yi, dillali ya ce, "Baba, dawo, na sallama."

Yanzu matata ce kwance ba lafiya. Jiya na taya wata tsohuwar mota, na juya, na yi taki bakwai, na yi ashirin, har bakin kwalta. Ba wanda ya kira ni.

Gobe za ni koma. Allah ka haskaka kabarin Yaya, ni kuma ka sa a ce in dawo.