Ka Bar Waya, Ka Tafi Da Littafi

Ƙarfe bakwai da rabi yake ɗaga ƙofar shagon. Ya yi shara, ya jona ƙarfen dalma ya bar shi ya ɗauki zafi, ya jera sukudirebobinsa daga ƙarami zuwa babba a kan farin ƙyalle. Sai ya juya bangon hagu, inda kantoci huɗu na littattafai suke, ya bi su da tsumma. Kafin mutum na farko ya shigo, ya riga ya karanta shafi goma. Shekara talatin da huɗu ke nan yana haka. Ƙarshen watan nan zai rufe, don hannunsa na dama ya fara rawa, gyaran waya kuwa ba ya shiri da hannu mai rawa.

Baba Mai Rediyo ake ce masa, ko da yake rabonsa da buɗe rediyo ya kai shekara goma sha biyar. Da rediyo ya fara, ya koma talabijin, da zamani ya juya ya juya da shi. Ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Wani tsohon littafin lantarki ne ya tsinta babu bango, ya yi ta binsa har ya gane.

Abin da ya raba shi da sauran masu gyara shi ne rasit. Da can ƙaramar takarda yake yankawa, ya rubuta lamba ya ba mai waya. Kashi biyu cikin uku ba sa dawowa da ita. Wannan an wanke ta cikin wando, wancan ya ba yaro ya yi jirgi da ita. Wata rana ya gaji da rantse-rantse, ya miƙa hannu kan kanta, ya zaro littafi, ya rubuta lambar da fensir a cikin bangonsa, ya liƙa irinta a bayan wayar. Ya ce, “In ka isa ka wanke wannan cikin wando.” Tun daga ranar, duk wanda wayarsa za ta kwana a shagon da littafi yake fita. Ya dawo da littafi, ya karɓi waya. Kafin ya karɓa kuma sai ya amsa tambaya ɗaya: “Ina ka tsaya?”

Telan da ke maƙwabtaka da shi bai taɓa barinsa ya huta ba. Da ya ga mutum ya fito rungume da littafi sai ya ɗaga murya ta saman keken ɗinki, “Farfesa, yau kuma wa aka ba jinga? Mutum da kake karya kasuwarka da hannunka!”

“Da waya nake ci, Tela, ba na zaginta,” in ji Baba. “Ka tambaye ta, ta ba ka amsa. Amma abin da ba ka san za ka tambaya ba fa, wa zai ba ka?”

Wanda ya yi karatu a ƙasar da ɗakin karatu ke da hawa shida zai raina kantocin nan huɗu. Zai yi kuskure. A can littattafai ne ke jiran mutane. A nan babu wanda ya kwana biyu bai fita ba. Akwai direban tasin da ya dawo ya tsaya bakin ƙofa yana faɗa, wai marubucin bai kyauta ba da ya kashe jarumin, ya kusa tafiya bai karɓi wayarsa ba. Akwai dattijuwar da ta ce ita ba ta iya karatu ba, Baba ya ce ai jikokinta sun iya, ta kai musu su biya mata. Mafi yawa dai suna dawo da littafin ko buɗewa ba su yi ba. Ba ya musu wa'azi. Ya karɓa, ya goge, ya mayar.

Amma labarin da layin nan ba zai manta ba na Uwar Biyu ne.

Shekara tara tana goge ɗakin marasa lafiya a wani asibiti, tana kallon masu fararen kaya suna wucewa ta kan inda ta goge. Sau biyu ta zauna jarrabawar shiga makarantar koyon jinya, sau biyu ta faɗi. Shekarunta sun zo iyakar da ake ɗauka, saboda haka zama na uku shi ne na ƙarshe. Duk karatunta a waya take yi, bidiyoyin wani malami da gajerun amsoshin da ake turawa. Saura kwana ashirin da ɗaya, tagwayenta suka tsoma wayar cikin bokitin wanki.

Ta shigo shagon mayafi a karkace. Baba ya buɗe wayar, ya kara ta da fitila, ya girgiza kai.

“Za ta tashi, amma abin da ya ƙone sai an aiko da shi. Kwana goma.”

“Goma! Baba, ka rufa mini asiri. Ara mini ɗaya cikin waɗannan.”

“Amanar mutane ce, 'yar nan. Tawa kuwa ga ta.” Ya nuna mata ƙaramar waya mai madannai da aka ɗaure da roba.

Ya rubuta lamba, ya miƙa mata littafi. Ta duba, labari ne.

“Ni da ke cikin wannan hali za ka ba tatsuniya?”

“Littafin jarrabawar kina da shi?”

“Yana gida. Shi na tokare ƙafar tebur da shi.”

“To, zauna. Karanta mini shafi ɗaya a zuci, ki gaya mini abin da ya ce.”

Ta zauna a benci don kunyar furfura kawai. Baba yana kallonta ta saman tabarau. Layi uku ta yi, sai babban yatsanta ya ja takardar sama, kamar yadda ake jan gilashin waya. Ta sake layi biyu, yatsan ya sake. Ta ɗago ta dubi titi. Da ta kai ƙarshen shafin ya ce, “To?” Ta buɗe baki, babu komai.

“Ba kai ne ba ki da shi ba,” in ji shi. “Zama ne ba ki da shi. Jarrabawar awa nawa ce?”

“Uku.”

“Ke kuma minti biyu ya gagare ki. Je ki, labarin nan zai riƙe ki. In ya saba miki da zama, ki zaro wancan daga ƙarƙashin tebur.”

Ta fita ko sallama ba ta yi ba. Tela ya leƙo ya ce, “Farfesa, wannan kam ka ɗebo ruwan dafa kanka.”

Ran kwana na goma kayan suka iso, ya tashi wayar, ya kira mijinta, wani birkila mai gajeren haƙuri. Mutumin ya zo da siminti a ƙafa, ransa a ɓace.

“Ta ce wai ka riƙe wayar. Baba, da girmanka, me ka gaya wa matata? Duk darussanta suna cikin wayar nan. Saura kwana goma sha ɗaya. In ta faɗi, wa zan kama?”

Maganar ta tsaya wa Baba a rai. Shi dai mai gyara ne, bai taɓa zama jarrabawar kowa ba. In ya ɓata wa baiwar Allah damarta ta ƙarshe da shawarar tsufa fa? Da la'asar ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya rufe shago da sauran rana, ya sa wayar a aljihu ya bi birkilan gida.

Ya same ta a tabarma bakin ƙofar ɗaki, babban littafin a cinyarta, fensir a hannu, gefen shafukan duk ta cika su da rubutu. Teburin yana ciki ya karkace. Ya miƙa mata wayar. Ta ɓoye hannuwanta a baya.

“Baba, mayar da ita. Na gano abu. Da in ina kallon malamin nan sai in ji kamar na iya. Ashe shi ne ya iya.”

“Ba na son ki ce ni na hana ki.”

“To, tambaye ni.”

Ya karɓi littafin, ya buɗe tsakiya, ya tambaye ta hanyar da jini ke bi daga zuciya zuwa huhu. Ta faɗa. Ta tsaya, ta ce a'a, ta koma ta gyara da kanta, ta kuma gaya masa dalilin da ya sa ta farkon ba daidai ba ce. Mijin ya sosa ƙeya. Baba ya mayar da wayar aljihu, ya kama hanya.

Hankalinsa dai bai kwanta ba. Ranar jarrabawar Tela ya shaida sau biyu Baba yana ƙona yatsa da ƙarfen dalma, abin da ko sabon shiga ba ya yi. Da aka gama ma ba ta zo ba. Wayar ta yi wata biyu a aljihun tebur, kullum ya jawo shi sai ya gan ta.

Wata safiya yana tsakar gyara ya ji an ajiye abu a gabansa. Littafin labarin ne, an sa masa sabon bango. Bai ɗago ba.

“Ina kika tsaya?”

“Na gama, Baba. Sunana na sha ɗaya a allon waɗanda suka ci.”

Ya jawo aljihun tebur, ya miƙa mata wayarta, ya ce ta riƙa nesanta ta da bokiti. Iyakar abin da ya ce ke nan. Tela ne ya fito tsakiyar titi da almakashi a hannu yana shelar cewa dama shi ya san za a yi haka. Shekara uku ke nan. Bana ta kammala, a asibitin da ta goge take aiki.

Baba, kai ne mai gyaran da ya duba waya ya kuma duba mai ita. Kai ne ka zauna tsakiyar kasuwar waya, kana ci da ita, ba ka zage ta ba, ba ka kuma yarda ta cinye wa mutane zamansu ba. Na kowa, mai hannu biyu, ɗaya da dalma ɗaya da takarda. Ba a ba ka lambar yabo ba, ba ka kuma nema ba. Mun gode. Allah ya ba hannun nan hutu, ya bar maka idanun.

Sauran magana tamu ce. Mai aski yana da benci, bakanike yana da shi, tela da mai magani duk suna da shi, kullum kuma mutane na zaune a kai suna jira. Kowa yana da littafi biyar a gida da ƙura ta rufe. A kawo su. Mutum tara za su ajiye ba su buɗe ba, kada wannan ya dame ku. Ta goman ce ake nema, kuma ba a gane ta a fuska.