Babur Ɗin Da Mai Shi Ya Ji Tsoron Ja

Wata rana da hantsi, wani mutum mai suna Tasi'u ya ji tayar bayan babur ɗinsa ta fara kuka.

Babur ɗin ba irin na 'yan acaɓa ba ne. Ƙato ne, baƙi wuluk, ɗan Kwatano, irin wanda ba shi da cen, wato sarƙar da ke juya taya. Wata sandar ƙarfe ce a ɓoye take juya tayar baya, kamar farfelar mota.

Duk unguwar babu wanda bai san haka ba, don Tasi'u bai bar kunnen kowa ya huta ba. Ko gaisuwar mutuwa ya je, sai ya san yadda ya yi ya sako zancen cewa nasa ba ya amfani da cen.

Kukan ya fara ne ƙasa-ƙasa. Idan ya ja wuta sai ya ji gurnani daga baya, idan ya saki sai ya lafa.

Da farko ya ce birki ne, aka canja. Ya ce taya ce, aka ƙara iska. Kuka dai sai abin da ya yi gaba.

Da abin ya ishe shi, sai ya kai wa Ɗanliti, makaniken manyan babura.

Ɗanliti ya kafe babur ɗin, tayar baya ta tashi daga ƙasa. Ya juya ta da hannu yana saurare. Ya kama ta sama da ƙasa ya girgiza, sai ga ta tana wasa.

Ya ɗora bakin sukundireba a kan gidan giyar baya, ya kara ƙotar a kunnensa, ya sake juya tayar.

Sannan ya kwance notin ƙasa, ya tsiyaye man a cikin wani tsohon gwangwani. Mai ya fito baƙi ƙirin, yana ƙyalli da garin ƙarfe.

Ya nuna wa Tasi'u, kuma bai ɓoye masa komai ba. Boris ɗin da tayar ke juyawa a kai ya mutu, haƙoran giya sun fara cin junansu. A hankali cikin gari zai iya ɗan lallaɓawa, amma ranar da aka sake shi a babban titi ya yi zafi, tayar za ta iya cijewa lokaci guda. Wanda ke kai kuwa, sai dai a tattaro shi.

Kayan gyaran sai an aiko daga Legas, kuma ba su da araha.

To, a nan ne za ku san waye Tasi'u.

Ko kalmar gyara bai furta ba. Ya matso kusa, ya rage murya, ya tambayi Ɗanliti ko akwai abin da za a zuba kukan ya yi shiru na ɗan lokaci, don sayarwa zai yi.

Ɗanliti ya mayar da notinsa, ya ce masa ba a garejinsa ba.

Ko a jikin Tasi'u. Irinsu ai ba sa rasa abokin ta'asa. Ya samu wani makanike a gindin bishiya, wanda idan ka biya shi ko me ka ce zai yi. Aka ɗura giris mai kauri, aka bi da mai mai nauyi, aka toshe bakin kuka.

Aka wanke babur, aka goge shi har kana ganin fuskarka a tanki. Tasi'u ya ɗauki hoto ya saka a waya, ya rubuta a ƙasa wai lafiyarsa ƙalau, ko allura ba ya buƙata. Har da “Masha Allah”, saboda tsabar rashin kunya.

Ba a daɗe ba mai saye ya zo.

Wani dattijo ne, Malam Hudu, tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya. Ba don kansa yake nema ba. Ɗansa ne ya samu aiki a Gwarzo, kullum zai riƙa zuwa daga Kano yana dawowa, shi ne uban ya ce bari ya haɗa abin da ya samu ya saya masa abin hawa mai ƙarfi.

Tasi'u ya ji wannan da kunnensa. Kullum, a babban titi, zuwa da dawowa.

Kun san me ya yi? Murmushi. Ya ce ai an zo gidan, wannan babur kamar don yaron aka ƙera shi. Ya rantse, ya sake rantsewa, ba tare da kowa ya nemi rantsuwar ba.

Dattijon ya zagaya babur ɗin, ya shafa kujera. Ya ce shi bai san kan waɗannan manyan ba, kuma ƙafarsa ba za ta iya riƙe shi ba. Abu ɗaya yake roƙo: Tasi'u ya goya shi su hau titin da yaron zai riƙa bi, ya ji da jikinsa. Idan sun dawo, ciniki ya faɗa.

Nan Tasi'u ya fara neman hanyar zillewa.

Ya ce ai zagaya unguwa ma ya isa. Dattijo ya ce yaron ba a unguwa zai yi aiki ba. Tasi'u ya ce mai ya yi ƙasa. Dattijo ya ce shi zai zuba. Tasi'u ya duba sama ko hadari zai cece shi, sama fes.

Ga mutane a tsaye suna kallo, waɗanda ya shekara yana cika wa baki. Dole ya hau.

Cikin gari komai lafiya, ga cunkoso yana rufa masa asiri. Amma da suka fita, titi ya buɗe fetal, sai Tasi'u ya koma gefe yana tafiya kamar mai rakiyar amarya.

Motar itace ta wuce su. Mai a-daidaita-sahu ya wuce su, cike da mata da buhuna. Wani ɗan acaɓa da ya goya mutum biyu da akuya ya wuce, har yana waiwaye.

Tasi'u kuwa hankalinsa duk yana tayar baya. Ko tsakuwa suka taka sai ya ƙara rage gudu. Garin ƙarfen nan da ya gani a gwangwani ne kawai yake masa yawo a ido. Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, hannunsa na kan birki.

Yau dai ya tuna cewa jikin mutum nama ne.

Dattijon ya yi haƙuri har ya gaji. Sai ya matso bakinsa kusa da kunnen Tasi'u.

“Ɗana, wanda zan saya wa yaro ne, ba haka zai tuƙa ba. Ja shi yadda yaro zai ja.”

Tsoro ya riga wayo fita daga bakin Tasi'u.

“Baba, ina da iyali fa.”

Dattijon ya ce masa:

“To ni a bola na tsinci nawa?”

Ya ce a tsaya. Ya sauka a hankali, ya gyara hularsa, ya kakkaɓe rigarsa. Bai zage shi ba, bai tambaye shi me ke damun babur ɗin ba. Ya riga ya ji duk abin da ya zo ji.

Tasi'u ya fara kame-kame, wai ba haka yake nufi ba, wai ya hau ya mayar da shi gida. Dattijon ko kallonsa bai yi ba. Ya tsallaka titi, ya tsayar da motar haya, ya shige.

Aka bar gwanin a bakin hanya, shi da ƙaton babur ɗinsa mai ƙyalli.

Ni wallahi ban ji tausayinsa ba ko na sisin kwabo. Mutumin da ya shirya tsaf ya ɗora ɗan wani a kan abin nan kullum safe da yamma, shi ne ya kasa jure wa tafiya ɗaya da ransa a kai.

Darasi:

Kafin ka miƙa wa wani abu kana rantsuwa, tambayi kanka ko za ka yarda ka hau shi da gudu. Mota ce, magani ne, gini ne, abinci ne, duk ɗaya. Ran ɗan wani bai fi naka araha ba, kuma shi ma akwai masu jiran dawowarsa gida.

Tura wannan ga duk wanda ka san yana saye da sayarwa. Idan ya karanta ya ji haushi, to ka san inda ba za ka sake sayen komai ba.