Yadda Muka Kai Kwamfuta Kano Don Hoton Baba

Tashi daga Potiskum

Muna idar da sallar asuba a unguwarmu ta Dogo Tebo, ni da Kawu Buba muka hau acaɓa da kayanmu sai tasha. A 1998 ke nan. Kayan kuwa tsohuwar kwamfutar da nake buga wa mutane takardu da ita ce, da sabuwar sikana da yayana ya aiko daga Legas, wato injin da ke kwafe hoto ya shigar da shi kwamfuta. Bakin wayar sikanar ya ƙi shiga kowace kafa a jikin tsohuwar. Aka ce sai an dasa mata wani kati a ciki da zai ba ta sabuwar kafa, kuma sai Kano.

Ba don kasuwa na matsu ba. Hoton Babanmu marigayi ɗaya ne tak, ɗan ƙarami, kullum dushewa yake, idon Inna kuma yana ta raguwa. Ta ce mini, "Ina so in ƙara ganin fuskar Malam kafin idon nan ya tafi."

Kawu Buba ƙanenta ne, dillalin shanu. Bai san kan kwamfuta ba balle gindinta, amma ya rantse ba za a yi ciniki babu shi ba. Da direban Fijo ya nufi but ɗin mota da kwamfutar, Kawu ya tare shi. "Mara lafiya za mu kai neman magani, ka sa ta a but?" Haka ya biya mata kujera guda, ya lulluɓe ta da bargo.

Azare zuwa Wudil

A Azare muka karya da shayi da ƙosai. Gaba kaɗan ɗan sanda ya tsayar da mu, ya ɗaga bargon.

"Wannan fa, Alhaji?"

"Tsohuwa ce, haƙora za mu sa mata," in ji Kawu.

Ya yi dariya har da dafa mota, ya ɗage shingen. A Kiyawa mai ya kusa ƙarewa, gidajen mai duk a rufe, sai wajen ƴan bumburutu direba ya sha galan biyu. Daga Wudil na fara tunanin abin da zan ce wa Inna in muka koma hannu biyu.

Kano

Mun shiga Sabon Gari wajen azahar. Shagon farko suka buɗe cikin kwamfutar, suka ce katunan yanzu gajeru ne, ramukanta kuwa dogaye ne baƙaƙe irin na da, in yar da ita kawai. Na biyu ma haka. Raina ya ɓaci ƙwarai. Can wani lungu muka sami Oga Emeka, mai gyara, wanda ya jawo kwali cike da katunan matattun kwamfutoci. Ya zaro wani dogo mai haƙoran zinariya.

"Wannan zai yi, Alhaji. Biya ka tafi."

Ni har na sa hannu a aljihu. Kawu ya riƙe ni. Ya karɓi katin, ya duba haƙoransa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda yake wa bijimi a kara. "A wajenmu ba a sayen dabba a kwance. Tashe ta ta taka in gani."

Oga Emeka ya yi ƙunƙuni, ya kunna janareta, ya cusa katin a raminsa, ya haɗa da allon shagonsa. Shiru. Ya gwada na biyu, shiru. A na uku fitilar sikana ta kama, ta soma tafiya a hankali tana gurnani. Ba mu zo da hoton ba, don Inna ba ta yarda ya kwana a waje, sai Kawu ya kifa tafin hannunsa a kan gilashin. Can sai ga hannun a allo, har da tabon igiya. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "To, ta taka." Mun kwana a Fagge gidan abokin cinikinsa, aka cika mu da tuwon shinkafa.

Komawa gida

Washegari da la'asar muka sauka Potiskum. Ban kai kwamfutar shago ba, ɗakin Inna na wuce da ita, Allah ya sa akwai wuta. Inna ta kwance hoton daga ƙyallen da take naɗe shi, na ɗora a gilashi. Tsohuwar kwamfutar ta yi ta nishi, layi bayan layi, har fuskar Baba ta cika allon. Na ƙara mata duhu, idanunsa suka fito.

Inna ta matso har hancinta na neman taɓa allon. Ni kuwa hawaye suka zubo mini don daɗi. Sai ta sa yatsa ta shafa saman kansa, tana murmushi.

"Ku dube shi. Ranar nan sai da na ce ya gyara hular nan, bai gyara ba."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Kawu kuma, don ba don shi ba, da mataccen kati zan kawo wa Inna.