Kabewa Na Riƙe a Maimakon Jariri

Matso kusa, gyara zama, in ba ka labarin ranar da aka kai ni kallon ƙasa ba da son raina ba. Ni mace ce ta tsakar gida. In ka bar ni da murhuna da maƙwabciyar da za mu yi hira ta kan katanga, ka gama mini komai.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, muna zaune a Funtuwa. Maigidana malamin gona ne, an ba shi babur a wajen aiki don zagaya manoman auduga. Baƙi ne wuluk, mai ƙara kamar injin niƙa, kuma Malam ya fi son sa da tuwon dare. In ya dawo sai ya zauna yana ba ni labarin duwatsu da fadamu, ni kuwa ina tankaɗe ina cewa to.

Sai ga saƙo daga ƙauyenmu, can wajen Ƙarfi ta ƙasar Malumfashi, cewa ƙanwata ta sauka, namiji, haihuwar fari. Yarinyar nan a bayana ta girma. A gidanmu kuwa, ranar suna in wanzami ya zo yi wa jariri aski, wadda ta goyi mai jego tana ƙarama ita ke riƙe shi a cinya. Tun tana da ciki ta ce mini, "Yaya, ba mai riƙe mini shi sai ke." Na ɗaure kayan barka, da niyyar in shiga motar kasuwa ana gobe suna, in kwana can.

Malam ya ce, "Wace mota? Ki shiga cikin buhuna da awaki? Ranar sunan muna idar da asuba in ɗora ki, kafin wanzami ya wasa askarsa mun isa. Kuma ki ga ƙasar Allah, ke da ba ki san ko'ina ba sai bakin zaure."

Na ce, "Malam, ni ba ƙasa zan je gani ba, jariri zan riƙe."

Ya ce, "Duka biyun za ki yi."

Haka na hau a karkace, ƙafafuna gefe guda, ƙunshi a cinya. Muna fita gari iska ta cika babbar rigarsa, ta lulluɓe mini fuska. Yana ta ihu, "Dubi audugar can, ta fashe fari fat!" Na ce, "Riga dai nake gani." Bai ji ba. Can sai na ji mun saki babbar hanya. Wai ta wajen Danja za mu bi, fadamar rake ta fi kyau da safe, kuma ai duk hanyar Malumfashi ce.

Zagayen bai dame ni ba kamar gaisuwa. Malam tarbiyyar mutanen da gare shi, ba a wuce babba a kan abin hawa. Mai keke sauka yake yi, mai jaki ma haka, shi kuwa ya ɗauki babur tamkar keke. Duk dattijon da muka tarar sai ya tsaya, ya kashe, ya sauka, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Babur ɗin nan kuma in ya yi zafi aka kashe shi, sai an yi ta bugu kafin ya tashi.

Wani tsoho ya ce, "A'a, malamin gona! Yau har da uwargida? Ta yarda ta hau dokin ƙarfe?"

"Suna za mu, Baba."

"Madalla, Allah ya raya. To, zo ka ga tsutsar da ta shiga mini auduga, nan kusa ne."

Nan kusa! Gonar tana hayin rafi. Na tsaya gindin ɗorawa da ƙunshina. Ba zan yi maka ƙarya ba, wurin yana da kyau. Dawa ta nuna ta sunkuyar da kai, rake ya yi shar har iyakar gani, ga wani dutse can nesa kamar an kifa ƙwarya. Amma ni inuwar itacen nake kallo tana gajarcewa.

Suka dawo, tsohon yana rungume da kabewa kamar tulu. "Kai wa mai jego." Kyauta kuwa ba a mayar wa babba. Aka ɗora mini. Gaba kaɗan wani ya sara mana rake, aka ɗaure a baya. Wani kuma kaza, ɗaure da ƙafa, aka rataye ta wajen gwiwata, tana saran zanena.

Na ce, "Malam, don Allah, ɗaga hannu ma ai gaisuwa ce."

"Ɗaga hannu? Ga sa'an ubana? So kike a ce babur ya sa mini girman kai?"

"To, kar ka riƙa kashe shi."

"In gaida mutum inji na yi masa ihu a ka?"

Da na hango wani mai farin gemu yana tafe da sanda, sai dabara ta zo mini. Na dafa kafaɗarsa, na nuna ɗaya gefen, na ce, "Malam, dubi dutsen can!" Nufina ya kau da ido mu wuce. Wallahi sai mutumin nan ya taka birki, murna ta cika shi. "Kin gani ko? Ba na gaya miki ba? Sauko ki gan shi sosai." Muna tsaye muna kallon dutse tsohon ya iso. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi damina yadda ta ƙare.

Rana tana tsaka muka isa. A ƙofar gida muka yi kiciɓis da wanzami, ya rataya zabirarsa yana fita. Malam ya kashe babur ya soma gaishe shi. Ni ban tsaya ba.

Na tarar da jariri kansa tal, yana hannun gwaggon ubansa, tana ta yi masa wasa. Ƙanwata ta dube ni, ta ce, "Yaya, na sa an tsayar da wanzamin har ya fara fushi, yana da wani gidan." Ta juya fuska wajen bango. Inna ce ta taɓa ni, ta ce, "Ajiye kabewar tukuna." Ashe da ita na shigo ɗakin, rungume a ƙirji, mata suna ta ƙunshe dariya. Daga zaure kuma ina jiyo muryar Malam yana gaya wa maza kyawun hanyar Danja.

Komawa, motar kasuwa na shiga, ni da awaki, kuma lafiya lau muka je. Ƙanwata ta huce daga baya, ta yi wasu 'ya'yan, na riƙe su, amma ɗan fari guda ne. Har Malam ya bar duniya, in na tayar da maganar sai ya ce, "Amma dai kin ga ƙasa." Mutumin kirki ne, ban taɓa jin ya raina kowa ba, shi ya sa na rasa inda zan sauke haushin. Kai fa, da kai ne a bayan babur ɗin nan, wa za ka ce ya yi laifi, shi da ya gaida mutane, ko ni da na yarda na hau?