Wayar da Na Naɗa a Injin Surukina

Surukina gyaran keken ɗinki ya yi har ya tsufa, a wani ɗan shago da ke jikin zaurensa a Kabara. Da ido ya fara gaza masa sai ya rufe shagon, ya raba kayan aiki. Abu ɗaya ya hana kowa, wani ƙaramin injin feraye ƙarfe da bai wuce kamu biyu ba, wanda yake yin ƙananan kusoshi da shi in an rasa irinsu a kasuwa. Ya daɗe a lulluɓe da tsumma, tsatsa duk ta kama shi.

Ni kuwa malamin sakandare ne, zanen injuna nake koyarwa. A kan allo babu injin da ya gagare ni. Wata Asabar na taso daga gidana a Koki na je gaishe shi, idona ya kai kan injin.

Na ce, "Baba, ai wannan zai tashi. A ba ni sati biyu."

Ya ce, "Malam, da ka faranta mini. So nake in sake jin ƙararsa ko sau ɗaya."

Kullum bayan la'asar ina zauren, ina kwancewa ina wankewa da kananzir. Komai lafiya, har na iso ƙarshen sandar da ke juya giya. A nan akwai wani siririn zoben ƙarfe mai buɗaɗɗen baki, da 'yan huji biyu a bakin, makanikai na ce masa sakilif. Yana zaune ne a cikin tsagin da aka yi wa sandar, shi ke hana ta zamewa. Sai an cire shi ake isa ga abin da ke baya.

Baba ya ji ina fama, ya ce, "Filayarsa na cikin akwati, mai baki kamar tsinke. Kada ka sa masa sukudireba."

Na ce to. Na ɗauko ta, na juya na juya, na kasa gane kanta, don ita in ka matse hannunta buɗewa bakinta yake yi. Tambaya ɗaya ta ishe ni, amma na ga ina malami guda ba zan yi ta ba. Na jira ya shiga gida alwala, na sa sukudireba da ƙusa na banƙare zoben. Ƙas! Ya rabe biyu. Na tsince gutsattsarin na zuba a aljihu.

Na zaga shagunan kayan gyara har wajen Ƙofar Dawanau, ban sami daidai da shi ba. Ga sati biyu sun cika, ga Baba ya riga ya gaya wa abokansa. Sai na sami wayar tagulla na naɗa a tsagin sau biyu, na murɗe, na lafta mata giris.

Ranar Juma'a da yamma dattawa uku suka zo suka zauna a tabarma. Aka yi sa'a akwai wuta. Na kunna, injin ya ɗauka. Baba ya ɗora tafin hannu a jikinsa, yana murmushin da na daɗe ban gani ba. Ya ce in sa guntun ƙarfe a gwada. Wuƙar injin na taɓa ƙarfen sai sandar ta zame, giya ta ci giya, muka ji wani abu ya karye. Na yi maza na kashe.

A cikin dattawan akwai wani tsohon tela mai kaifin ido. Ya haska tocila, ya sa farce ya zaƙulo wayar.

Ya ce, "Ikon Allah! Wa ya naɗa waya a nan?"

Na ji bakina ya ce, "Haka na tarar da ita, Alhaji."

Baba ya ɗan sunkuyar da kai, sannan ya ce, "To, ni ne ke nan. Da ido ya fara tafiya babu irin kwaɓar da ban yi ba."

Abokansa suka dinga tsokanarsa, wai gwani ya koma ɗaurin waya. Yana dariya, ni ma har da 'yar tawa dariyar. Da na koma gida na kasa cin abinci. Matata ta tambaya, na ce ciwon kai ne. Yaya zan gaya mata abin da na yi wa mahaifinta?

Washegari da hantsi na koma. Na durƙusa na gaishe shi, na zuba masa gutsattsarin zoben a hannu. Ya shafa su da ɗan yatsa.

Ya ce, "Ai na ji ƙararsa tun ranar, ina bakin rijiya."

Na ce, "Baba, a yafe mini. Zan je in gaya musu gaskiya."

"A'a, bar su. Ni me zai rage ni? Kai kuwa kana da ɗalibai. Miƙo mini kwalbar can ta kan taga."

Na miƙa masa. Cike take da zobban, manya da ƙanana. Duk yawon da na yi, ashe suna nan kusa da kaina. Ya lalubo ɗaya, ya kama hannuna ya ɗora a kan filayar. Ya ce a sa bakinta cikin hujin, a buɗe zoben daidai yadda zai wuce, in aka zarce ya saki ke nan har abada. Ya sa na shafa gefunansa, ɗaya da kaifi ɗaya sumul, ya ce mai kaifin ke kallon waje. In ya faɗa tsagi a juya shi da yatsa, in ya juya to ya zauna. Sau biyar ya sa na cire na mayar, bai ƙara ce mini komai game da jiya ba.

Giyar da ta karye ta ɗauke mu wata biyu kafin a samu. Injin ya tashi, Baba ya yi ta wasa da shi har shekarar da ya rasu.

A zaman makoki tsohon telan nan ya kama hannuna a gaban jama'a, ya ce wannan shi ne surukin kirki, shi ya gyara injin da marigayi ya ɓata da waya. Mutane suka yi ta sa mini albarka. Na buɗe baki zan yi magana, sai ga wasu masu ta'aziyya sun shigo, aka ɗaga hannu za a yi addu'a. Ni ma na ɗaga nawa.