Sunan da Dada Ba Ta Taɓa Kira Ba

A duk shekarun da na yi ina tafinta a kotu a nan Gombe, ranar da na kasa mantawa ita ce wata Talata cikin damina, da aka kawo wata tsohuwa ba da shaida. Ku da kuka shigo aikin kwanan nan, kun san ƙa'ida: mai shaida ya faɗa da Fulatanci ko Hausa, tafinta ya mayar da Turanci, ba ƙari ba ragi.

Dada muke ce mata. An kashe ɗanta a hanyar kasuwar shanu, kuma ita kaɗai ta ga wanda ya zo ya fita da shi daga ruga. In ta rikice, shari'ar ta rushe. Ta kwana a unguwar Malam Inna wajen ƙawarta Goggo Adama, wadda ta rako ta.

Kafin zama na ba ta ruwa, na nuna mata inda za ta tsaya, na zaunar da Goggo Adama a bencin gaba inda za su riƙa ganin juna. Har ina yaba wa kaina, wai ni gwani.

Ta yi rantsuwa, lauyan gwamnati ya miƙe. "Ki faɗa wa kotu sunan mamacin."

Na fassara, ta yi shiru. Nan na gane na manta abin da ko yaron goye ya sani a ruga: ɗan farinta ne, kuma uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Tun da ta haife shi bakinta bai taɓa furta shi ba.

"Tafinta, ta ji tambayar kuwa?" in ji alƙali.

"Ta ji, Mai Shari'a."

Ana haka aka ɗauke wuta. Fanka ta yi ta juyi a hankali har ta tsaya, hadari ya rufe tagogi. A kan teburin magatakarda ga malafar mamacin da sandarsa, an ajiye su shaida. Dada ta ƙura musu ido.

Sai Goggo Adama ta ce a hankali, "Ina nan, Dada. Ba wanda zai ga laifinki."

Dada ta ja numfashi, ta juya wajen ƙofa, ta ɗaga murya yadda ake kiran wanda ya yi nisa a daji. "Hammadu!"

Wallahi duk muka waiwaya, har alƙali. Wanda ake tuhuma, da tun safe yake murmushi, ya riƙe katakon gabansa yana kallon ƙofar. Ba wanda ya motsa. Muna ta jira, ban san me muke jira ba. Ruwa ne kawai ya fara sauka a kan kwano.

Daga nan ta ba da shaidarta tiryan-tiryan, muryarta ko rawa ba ta yi. Lauyan wanda ake tuhuma ya juya ta, ya sake juya ta, ba ta kauce ba.

Da aka tashi na je ba ta haƙuri. Ta ce, "Ba komai, ɗana. Da ma ban yarda ya tafi ba. Yau na kira shi bai amsa ba."

Na shiga ofis na rufe ƙofa na yi kuka.

Tun ranar ba na shiga zama sai na tambayi mai shaida abu biyu: wa ya rako ka, kuma akwai abin da bakinka ba ya iya faɗa? Abin da kotu ke tambaya, a wajenmu tambaya ce kawai a takarda. Mai shaida kuwa da nauyinta zai koma gida.