Mai Furar Da Ta Ba Ni Ƙeya

Wallahi tallahi, abin nan da zan gaya muku a kaina ya faru, ba ji na yi ba. Shekarun baya ne, ina karatun digiri na uku a Kuala Lumpur, muna zaune ni da matata a unguwar Pantai Dalam. Bincikena a kan tsofaffin hotunan garuruwanmu na ƙarshen layin dogo ne, lokacin da suke tasowa: 'yan dako, mahauta, wanzamai, kowa da harkarsa a bakin titi. Da tsagar fuska nake gane inda mutane suka fito, kuma babin da zai fitar da ni ya rataya a kan hoton wata mai fura da ta ɗan kau da kai daga Baturen da ya ɗauka, kunci ɗaya kawai ake gani. In ban karanta tsagarta ba, tallafin karatu ya ƙare, in koma gida hannu rabbana.

To ni fa akwai naci. Wata Asabar da hantsi na ƙara girman hoton a kwamfuta, sai na ga kuncin ya ragu. Na ce idona ne. Na ƙara, saura kunne. Na sake ƙarawa, innalillahi, ƙeya ta ba ni gaba ɗaya, mahautan cikin hoton kuma da suke duƙe kan nama duk sun zuba mini ido!

Matata ta leƙo ta ce, "Baban Hanifa, matar mutane ce fa. Ka ko yi sallama kafin ka matso mata haka?"

Na ce da salon maganar mutanen garin, "Hoto ne lah, wace sallama?"

Tsoro kam na ji, amma na rantse sai na gama. Na koma kan sauran hotunan, na sake gina babin ba ita, har na rame. Ranar kare aikin, wani farfesa ya nuna ta a allo, ya ce me ya hana ni magana kan tsagar matar nan, ga ta raɗau? Na duba, ƙeya dai. Na ce na bar wa masu zuwa. Ya ce boleh, wato ya yi a yaren ƙasar, na haye.

Har yau kowa na ganin fuskarta, ban da ni. Na roƙi matata ta gaya mini ko tsagar ina ce, ta ce ba da bakinta ba.

Jama'a, in kun buɗe tsohon hoto ku yi sallama, wanda ya kau da kai ku ƙyale shi. Ni nawa yana kife a ƙasan akwati, don ba na son ranar da za ta juyo.